Saƙon Lafiya ta Wayar Hannu: Wa Ke Magana, Wa Ke Ji?

'Yan'uwa manoma da masu aikin karkara, a wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu ɗauki zancen wayar da ke aljihunmu. Dalili kuwa, yanzu maganar lafiya ta waya take fara iso mana. Kafin malamin asibiti ya buɗe baki, wani ya riga ya turo wa maigida murya: an ce ga ciwo ya ɓullo, ga maganinsa, ko kuwa kada a yarda a ɗiga wa yara abin da ake yawo da shi gida gida. Shugabannin lafiya su ma sun shiga wannan fage. Minista yana da shafi, kwamishina yana da shafi, hukumar NCDC mai yaƙi da annoba tana da nata. To, abin da suke faɗi can yana isowa Goronyo da Wurno da Rabah kuwa? In ya iso, da wace kama yake isowa?

Yadda saƙo yake gangarowa

Duk wanda ya yi noman rani a ƙarƙashin dam ɗin Goronyo ya san sakin ruwa daban, isowarsa fangalinka daban. Ruwa yakan bi babbar hanya, ya shiga ƙarama, kuma a kowace mararraba ana iya tare shi, ko ya tsiyaye, ko ya kwaso dattin da bai fito da shi ba. Haka saƙo yake a kafofin sada zumunta.

Can sama akwai X, wanda aka sani da Twitter kafin 2023. Nan manyan Abuja suke fara sa sanarwa, galibi da Turanci, kuma 'yan jarida da ma'aikata ne masu karantawa. Ƙasa da shi akwai Facebook da TikTok, inda matasa suke rubutu da ɗaukar bidiyo da Hausa. Amma hanyar da ta fi shiga gidajenmu ita ce WhatsApp, saboda saƙon murya. Ba ya bukatar karatu. Ka danna, ka ji, ka tura.

Akwai kuma wata hanya da manya ba su cika tunawa da ita ba, wato shagon mai cajin waya ran kasuwa. Nan ake tura wa mutum wa'azi da waƙa da fim a katin memori, ko ta Bluetooth da Xender, ba da ko kwabon data ba. Matar da ke cikin gida, wadda ba ta da wayar kanta, a wayar mijinta ko ta ɗanta take jin abin da ta ji, da dare bayan an dawo. Ita ce kuwa mai ba yaro magani. Ita ce fangalin ƙarshe. Saƙon da bai kai wurinta ba, ko mutum dubu goma sun yaba shi a Abuja, bai shayar da komai ba.

Daren ruwan gishiri

Bari mu tuna da abin da ya faru a 2014. Ranar 20 ga Yuli wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka Legas da ciwon Ebola. Likita Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma ta kamu, ta rasu. Ciwon bai wuce Legas da Fatakwal ba. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da shi.

Amma a farkon watan Agusta, cikin dare ɗaya, wani saƙo ya ratsa ƙasar nan kaf. An ce kowa ya tashi ya yi wanka da ruwan ɗumi da gishiri, ya kuma sha, kafin gari ya waye. Ɗa ya kira uwa, uwa ta tashi maƙwabta. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata, amma an riga an sha. Aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da wasu da dama a asibiti, a garuruwan da Ebola ba ta taɓa leƙawa ba.

Me ya ba wannan ƙarya gudu haka? Mu duba da kyau, gama darasin yana nan. Daga bakin wanda ka sani ta zo, mai ƙaunarka. Da harshenka ta zo. Abu ɗaya tak ta ce ka yi, da kayan da ke kowane gida. Ta kuma ba ka lokaci: kafin asuba. Duk abin da sanarwar hukuma take rasawa, ita tana da shi. Sanarwar hukuma takan zo a makare, da doguwar Turanci, da sa hannun wanda ba ka taɓa gani ba.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, maganin gaskiya yana kama da na ƙaryar. Ruwan gishiri da sukari yana ceton yaro mai gudawa, wannan tabbas ne. Amma da awo: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, da ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ake sayarwa a ƙunshi, ORS, ya fi, domin an riga an auna. In saƙo ya bi baki biyar, awo ne yake fara faɗuwa a hanya. Sai ya zama "a ba shi ruwan gishiri" kawai. Gishirin da ya yi yawa kuwa yana iya kashe yaron da ake so a ceta. Saboda haka duk shugaban lafiya da zai yi wannan magana a waya, ya faɗi awon sau biyu. In da hali ya ɗauki bidiyo, a ga cokalin, a ga yadda ake shafe shi da yatsa.

Muryar da aka sani

Jita-jita ba ta jira waya ba. A 2003, shekara biyu kacal da shigowar wayar hannu Nijeriya, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewa, bisa zargin an sa masa abin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, kuma cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe da yawa, har Yaman da Indunisiya. Kada mu yi saurin cewa jahilci ne. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano ba, lokacin sanƙarau na 1996. Tsoron yana da saiwa. Shugaban da ya hau shafinsa yana kiran masu tsoro jahilai ya rufe kunnen da yake nema ke nan.

Abin da ya gyara al'amarin fuskokin da aka sani ne. A Oktoban 2004 aka ɗiga wa 'yar gwamnan Kano, Malam Ibrahim Shekarau, maganin a gaban jama'a. A 2009, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aka kafa kwamitin sarakunan arewa kan lafiya a matakin farko, magana ta riƙa gangarowa daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Mata masu aikin sa kai suka riƙa shiga gida gida. An ga ƙarshen shan inna na asali a Nijeriya a 2016, a Barno, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ce Afirka ta rabu da shi. Akwai wani nau'in da yakan ɓulla inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, shi ya sa aka ci gaba da zagayen ɗigo a jiharmu.

Mu a ƙasar nan ba baƙin wannan dabara ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno, ya yi rubuce-rubuce a kan magani. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u kuwa ta lura cewa rubutu ba ya shiga cikin gidan matar ƙauye. Sai ta zaɓi dattijai mata da ake ganin girmansu, ake ce musu jaji, ta ɗaura musu malfa, ta koya musu karatu cikin waƙa da Hausa da Fulatanci, su haddace, su kai ƙauyukansu. Su ne 'Yan Taru. Ku duba: saƙo gajere, da harshen gida, da baki, daga wadda aka sani, kuma da alamar da ke nuna wanda ya aiko ta. Saƙon murya ke nan, shekara kusan ɗari biyu kafin WhatsApp.

Abin da NCDC ta yi daidai, da inda ya tsaya

Da korona ta shigo ranar 27 ga Fabrairu, 2020, hukumar NCDC, a ƙarƙashin Dokta Chikwe Ihekweazu, ta yi wani abu da ya kamata a yaba. Kowane dare tana sa lissafin waɗanda suka kamu, jiha jiha, a Twitter da Facebook, da tsari iri ɗaya. Mutane suka saba, har suna jira. Gidajen rediyo suna ɗauka su karanta da safe. Wanda yake magana kullum, ranar da ƙarya ta fito an san inda za a je a tambaya.

Amma lissafi ba umarni ba ne. Manomin albasa a Wurno da ya ji an ce mutum kaza sun kamu a Sakkwato, me zai yi da shi? Kuma inda hukuma ta yi jinkiri, wasu sun cika wurin. A Afrilun 2020 mace-mace suka yawaita a Kano, maganar masu haƙar kabari ta cika Facebook kafin a samu cikakken bayani. Sai a watan Yuni ministan lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce rabi ko fiye na mace-macen da aka bincika suna iya zama da nasaba da korona. Tsakanin Afrilu da Yuni kowa ya riga ya yanke hukuncinsa.

Shekarar da waya ta mutu

Yanzu mu zo gida. Shekarar 2021 ita ce ta koya mana abin da littafi bai faɗa ba.

A wannan shekara amai da gudawa, wato kwalara, ta yi ɓarna ƙwarai. Lissafin NCDC ya nuna fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 3,600 suka mutu, kuma jihar Sakkwato tana cikin waɗanda abin ya shafa. A daidai wannan lokaci, ranar 5 ga Yuni, gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu, 2022. Wannan bai dame mu sosai ba, gama kaɗan daga cikinmu suke shiga can. Amma a watan Satumba, saboda 'yan bindiga, aka katse sabis ɗin waya ɗungurungum a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar, a zamanin gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Goronyo da Rabah suna ciki. Ba kira, ba saƙo, ba WhatsApp. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe fiye da mutum 40, a lokacin da ba wanda zai iya ɗaga waya ya nemi taimako.

Ba za mu shiga gardamar ko katsewar ta yi amfani ga tsaro ba. Abin da ya shafe mu shi ne, an yi makonni, a ƙarshen damina, lokacin masassara da gudawa, duk wani tsarin lafiya da aka ɗora a kan waya ya faɗi. Mai naƙuda ba ta da yadda za a kira mata mota. Malamin asibitin ƙauye ba shi da yadda zai sanar da na sama cewa gudawa ta ɓarke, sai dai ya hau babur a hanyar da ba ta da aminci. Abin da ya rage a tsaye shi ne abin da muke da shi tun da: akwatin rediyo mai batir, da mai shela, da sanarwar liman bayan sallah, da ta fasto ran Lahadi, da ungozoma da wanzami masu shiga kowane gida.

Don haka muke cewa, shugaban lafiyar da ya koma waya ya saki waɗannan, ya sayar da jakinsa ne domin an ara masa mota. Ko ba a katse sabis da gangan ba, akwai ƙauyukan fadama da sai an hau tudu ake samun layi, ga rashin wuta, ga tsadar data. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumban 2010 kuma sun san yadda ruwan Rima yake raba gari da gari a yini ɗaya.

Ga shugabanninmu na kusa

In mun ce shugaban lafiya, ba minista kaɗai muke nufi ba. Babban jami'in lafiya na ƙaramar hukuma shugaba ne. Mai riƙe da asibitin mazaɓa shugaba ne, haka babbar ungozoma, haka shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa. A gaskiya maganarsu ta fi ta minista nauyi a nan, domin an san gidajensu.

Yawancin shafukan manya da muke gani, hotuna ne: an kai ziyara, an yi musabaha, an yanke kyalle. Ba mu ce laifi ba ne, amma ba ya hana yaro suma. Ga irin saƙon da muke so mu ji, kada ya wuce minti ɗaya:

"Salamu alaikum. Ni ne wane, malamin asibitin gari kaza. Yau Talata, kaza ga wata. Jiya an raba wa yara maganin rigakafin masassara. Uwaye, akwai sauran ƙwaya biyu a hannunku. Ɗaya yau, ɗaya gobe, kada a haɗa, kada a ajiye wa wani yaro. In yaro ya amayar ko jikinsa ya yi ƙuraje, ku kawo shi, ina asibiti."

Wannan magani shi ne wanda ake rabawa yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata cikin damina. Kwana uku ake sha. Ranar farko masu rabawa suke bayarwa a gabansu, ta biyu da ta uku kuwa a hannun uwa suke, nan ne ake mantuwa. Murya ɗaya da safe ta isa ta tuna mata.

Ku lura da abin da ke cikin saƙon. Akwai suna da gari a cikin muryar kanta, gama rubutun da ke sama yakan ɓace in an tura. Akwai rana, domin murya ba ta ruɓewa. Ta bara tana iya dawowa bana ta ta da hankali a banza. Abu ɗaya aka ce a yi. Kuma da Hausarmu ta nan za a faɗe shi. Kada malami ya ji kunyar Sakkwatanci ya ari bakin mai karanta labarai. Tsohuwa ta fi yarda da wanda ya ce mata "hwaɗa mini" da bakin gida.

Sa'an nan a saurara. Zauren WhatsApp da shugaba kaɗai ke magana a ciki, allon sanarwa ne. Amfaninsa na gaske shi ne masu unguwanni da ungozomomi su riƙa sa abin da suke ji a gari, tun yana raɗa. Lokacin da aka fara allurar kare 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 daga sankarar bakin mahaifa a Oktoban 2023, tsohon zancen hana haihuwa ya sake tasowa ta waya. Wanda yake da kunne a gari zai ji irin wannan kafin ranar allura, ya je ya zauna da iyaye maza, ba ranar da aka rufe masa ƙofa ba.

Abu ɗaya kuma da muke roƙo da babbar murya: a daina ɗaukar hoton majinyata ana sawa a waya. Mun san sau da yawa neman taimako ake yi. Amma hoton da ya shiga waya ba ya fita, yaron zai girma ya tarar da shi. Akwai wani ciwo da likitoci suke kira noma (ba noman da muka sani ba, ciwo ne da ke cin baki da kumatun yaran da ba su samun isasshen abinci). Akwai asibitinsa na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ba sai an nuna fuskar ɗan wani ba kafin a yi gargaɗi. A faɗi alamun farko da baki: dasashi yana kumbura yana jini, baki yana wari, kunci ya fara kumbura. A ce a kai yaro asibiti a ranar, gama a wannan mataki maganin ƙwayoyin cuta yana tsayar da shi.

Mu kuma masu karɓa

In murya ta shigo wayarka ba suna, ba gari, ba rana, tana cewa "ka tura wa duk wanda kake ƙauna", ka riƙe ta tukuna. Dubi samanta. In akwai kibiya biyu, WhatsApp yana gaya maka ta bi hannu da yawa ke nan. Tun 2020 ma ba ya barin a tura irin wannan sai wuri ɗaya a lokaci guda. Kai ta wurin malamin asibiti ka kunna masa. In zancen annoba ne, NCDC tana da layin kyauta, 6232. Sanƙarau, alal misali, ba abin jiran shawarar zaure ba ne. A 2017 ya kashe fiye da mutum 1,100, mafi yawa a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, asibiti kai tsaye.

Ga kwamitocin mazaɓu kuwa, akwai aikin da takarda da biro suka isa. A zauna da malamin asibiti a rubuta: in sabis ya ɗauke, wa zai kai labari kowace unguwa, wa yake da rediyo, wa yake da babur da zai ɗauki mai naƙuda, a gidan wa za a ajiye ƙunshin ORS. A ba mai unguwa kwafi, a ba liman, a ba shugabar zumuntar mata, a liƙa ɗaya a ƙofar asibiti. Watan Mayu ne lokacin wannan zama, kafin ruwa ya sauka ya wanke bayan gari zuwa cikin rijiyoyi.